YADDA AKE NEMAN GANIN LIKITAN IYALI A INGILA

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk wanda ya taɓa kwana da zazzaɓi a ɗakin kwananmu, gari ya waye ya bi layin disfensare da bargo a kafaɗa, ya san gaskiyar wannan magana. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, abin da nake so in yi bayani a kai shi ne yadda mutanen Ingila suke neman ganin likitansu, da yadda suke zaɓen lokacin da za su gan shi.

Ga abin da ya jawo hankalina. Cikin dogon hutun da ya wuce na raka kakarmu asibiti, don tana fama da hawan jini. Muna idar da sallar asuba muka fita, amma in kana sammako wani a tafe ya kwana, muka tarar benci ya cika maƙil. Muka ba da kati, muka zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, ba ta ci komai ba. Can bayan azahar aka fito aka ce an rufe ganin mutane, sai gobe. Tsohuwa ta miƙe da ƙyar ta ce, "Tashi mu tafi, ɗan nan, Allah ya kai mu goben." Da muka komo gida na ba yayana labari. Shi kuwa ya zauna Ingila daga 2022 zuwa 2024 wajen ƙarin ilmi, shi da matarsa da 'yarsu. Sai ya ce mini, "Can ba a zaman benci irin wannan, amma kada ka zaci babu wahala. Nasu layin a waya yake." Daga nan na tsare shi da tambaya, na kuma haɗa da abin da na karanta, don ina da burin karatun likita.

Wane Ne Likitan Iyali?

Likitan iyali shi ne wanda Turawan Ingila ke kira GP a taƙaice, watau likitan da ke duba kowace irin cuta, ta jariri da ta tsoho, ta namiji da ta mace. Ba a babban asibiti yake zaune ba. Yana da ƙaramin ɗakin shan magani a cikin unguwa, galibi shi da waɗansu likitoci 'yan'uwansa, da nas-nas, da akawuna. Irin waɗannan wurare sun fi 6,000 a Ingila. Kafin mutum ya zama likitan iyali, bayan ya gama jami'a sai ya yi shekara 2 yana sanin makamar aiki, sa'an nan ya ƙara shekara 3 yana koyon wannan fanni musamman.

Tsarin da ake bi ya samo asali ran 5 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa da ake kira NHS. Ministan lafiya na lokacin, Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal ne daga yankin Wales, shi kansa kuma ya yi aikin rami tun yana yaro, ya san yadda talaka ke jin tsoron kuɗin likita. Kafin wannan rana akwai inshorar da aka kafa a 1911, amma ma'aikaci kaɗai ta rufa wa asiri, ban da matarsa da 'ya'yansa. Daga 1948 sai ganin likita ya zama kyauta ga kowa, ana biya daga harajin da jama'a ke bayarwa. Gwamnati kuwa tana biyan kowane ɗakin shan magani, mafi yawa gwargwadon mutanen da suka yi rajista da shi.

Babban abin lura shi ne, likitan iyali shi ne mai tsaron ƙofa. In ba larurar gaggawa ba, mutum ba ya wanke ƙafa ya nufi babban asibiti ya ce yana son ganin likitan zuciya ko na fata. Sai likitan iyali ya duba shi tukuna, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda ya tura shi gaba. Saboda haka wanda bai iya neman ganin likitan iyali ba, sauran ƙofofi ma sun yi masa nisa.

Yin Rajista

Mataki na farko shi ne rajista, kuma tun mutum yana da lafiya ya kamata ya yi ta. Sai ya zaɓi ɗakin shan magani da ke kusa da gidansa ya cika takarda. Ba a biyan ko kwabo, kuma doka ba ta ce sai ya nuna fasfo ko shaidar inda yake zaune ba. Baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya ne a wannan wuri. Za a ba shi lamba mai alƙaluma 10, wadda za ta bi shi iyakar ransa, kamar yadda lambar shigarmu makaranta take bin mu har mu fita. Duk cutar da ya yi, da maganin da ya sha, da allurar rigakafin da aka yi masa, suna rubuce ƙarƙashin wannan lamba. In ya yi ƙaura zuwa wani gari, labarinsa zai bi shi can. Tun 2015 kuma kowane mai rajista ana haɗa shi da likita guda wanda alhakin lura da shi ke wuyansa, ko da yake ba lalle shi zai riƙa gani kullum ba.

Hanyoyin Neman Lokaci

Ana buɗe waɗannan wurare daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6:30 na yamma, Litinin zuwa Jumma'a. Tun daga watan Oktoba na 2022 ana iya samun gurbi da maraice har ƙarfe 8, da kuma ranar Asabar, amma wani lokaci a wani ɗakin shan magani na maƙwabta za a ga mutum. Wannan ya taimaki ma'aikata da 'yan makaranta.

Hanya uku ce ake bi. Ta farko mutum ya buga waya. Ta biyu ya taka da ƙafarsa ya yi magana da akawu. Ta uku ya cika takarda ta intanet, ko ta manhajar NHS da ake sawa a waya, wadda ta bazu ga jama'a a 2019. Tun daga 1 ga Oktoba, 2025, an wajabta wa kowane ɗakin shan magani ya bar hanyar intanet a buɗe muddin lokacin aiki ne, don buƙatun da ba na gaggawa ba.

Waya ita ce inda aka fi shan wuya. Wurare da yawa sukan ajiye gurabun ranar sai ƙarfe 8 su sake su, don haka kowa sai ya riƙe waya yana jiran agogo. Yayana ya ce akwai ranar da ya buga ƙarfe 8 daidai, murya ta gaya masa akwai mutum fiye da 20 a gabansa, da layi ya zo kansa aka ce gurabu sun ƙare. Wannan rububi na safe ya dami mutanen Ingila ƙwarai, har a 2023 aka sa doka cewa kada a ƙara ce wa mara lafiya ya sake bugowa gobe. Dole a ji damuwarsa a ranar, a ba shi lokaci ko a nuna masa inda ya dace ya je.

Tambayar Akawu

Idan akawu ta ɗauki waya, bayan suna da ranar haihuwa za ta ce, "Me ke damunka?" Mutane da yawa sukan ji haushin wannan tambaya, su ce ina ruwan akawu da ciwonsu. Amma ba tsegumi ba ne, kuma ita ma an ɗora mata riƙon sirri. Gurabu kaɗan ne, masu nema da yawa, sai an tantance wanda ba zai iya jira ba. Da amsar da mutum ya bayar ake yanke ko yau za a gan shi ko bayan mako biyu.

A nan ne yayana ya yi kuskuren da ya kusa hallaka shi. Cikin sanyin farkon 2023 ya fara jin ƙishirwa ba dare ba rana, yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, wandonsa kuma ya fara yi masa yawa. Da akawu ta tambaye shi, kunya ta hana shi ambaton fitsari ga mace, ga kuma halinmu na cewa "da sauƙi" ko ana jin jiki. Sai ya ce, "Gajiya ce kawai take damuna." Ita kuwa ta rubuta gajiya, ta ba shi rana nan da mako uku. Kafin ranar ta zo ya fara amai, ya kasa tashi. Matarsa ta buga lamba 111, ta zayyana musu komai ba ɓoye-ɓoye, suka ce a kai shi babban asibiti nan take. Ashe ciwon sukari ne, ya hau ƙwarai. Sai da ya kwana huɗu a gadon asibiti. Likitan da ya sallame shi ya ce da ya faɗi alamun nan tun farko, da a ranar za a gwada jininsa.

Da ya gama ba ni labari sai na ce, "Yaya, to laifin wa ke nan?" Ya ce, "Nawa ne, ƙanena. Abin da na faɗa shi ta rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya kamata in bayyana lambobin nan biyu. Lamba 111 ta neman shawara ce, dare da rana, idan abu ya matsa amma ba a tabbata inda za a nufa ba. Lamba 999 kuwa ta ceton rai ce. Wanda ƙirjinsa ya riƙe da ciwo mai tsanani, ko numfashi ya gagare shi, ko bakinsa ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe, ko jini ya ƙi tsayawa, ba ya neman alkawarin ganin likita. Motar asibiti ake kira.

Zaɓen Abin Da Ya Dace

Samun gurbi wani abu ne, zaɓen wanda ya dace kuma wani abu ne dabam. Akwai abubuwa biyar da mai hankali yake aunawa.

Na farko, yau ko nan gaba. Yaro mai zazzaɓi da ya ƙi cin abinci na yau ne. Mai son a duba maganin da ya daɗe yana sha, ko mai ciwon gwiwa na wata da watanni, yana iya jira. Wanda ya ƙara gishiri don a gan shi yau ya ci haƙƙin wani, wanda kuma ya rage, kamar yayana, ya cuci kansa.

Na biyu, ido da ido ko ta waya. Tun annobar korona ta 2020 likitoci suka yawaita duba mutane ta waya. Wannan ya isa idan sakamakon gwaji za a ji, ko shawara za a nema. Amma ƙullutu, ko ciwon ciki, ko kunnen yaro, sai an gani an taɓa. Mara lafiya yana iya cewa ya fi son a gan shi. Tsoho ko naƙasasshen da ba ya iya fita kuwa, akan bi shi har gida.

Na uku, wa za a gani. Ba kowace larura ce ta likita ba. Nas ce ke yin allurar rigakafi, da wankin ciwo, da bibiyar masu fuka da masu ciwon sukari. Akwai masanin magunguna, akwai kuma mai gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi don masu ciwon baya. Tun 31 ga Janairu, 2024, an ba masu kemis izinin duba ƙananan cututtuka guda 7 su ba da magani ba tare da takardar likita ba, cikinsu har da ciwon maƙogwaro, da ciwon kunne na yara, da cizon ƙwaro da ya rure. Amma fa mai kemis na can masani ne da ya yi jami'a a kan magunguna, ba wanda ya koyi ciniki a shago ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi wuya, likitan da ka saba da shi ko duk wanda ke nan. In ka ce lalle sai likitanka, kana iya jiran makonni. In ka yarda da kowa, wataƙila gobe a gan ka, amma sai ka faro labari daga tushe. A 2018 wani tsohon likitan iyali na garin Exeter, Sir Denis Pereira Gray, shi da abokan aikinsa suka tattara bincike 22 daga ƙasashe dabam-dabam. Cikinsu 18 sun nuna cewa mutuwa ta fi ƙaranci a tsakanin masu ganin likita ɗaya a kai a kai. Dalili a fili yake. Likitan da ya san ka shi zai lura ka rame, shi kuma za ka iya gaya wa abin da kake jin nauyin faɗa. Don haka ciwon da ya faɗo yau a kai shi ga duk wanda aka samu, ciwon da ake zaune da shi kuwa, irin hawan jinin kakarmu, gara a jira wanda ya san shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyar, sauran buƙatu. Mace tana iya neman likita mace, ko ta ce a sa wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin sa'ad da ake duba ta. Wanda bai ji Turanci ba ana samo masa tafinta kyauta, in ya faɗa tun wajen neman lokaci. Wannan ya fi a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta, don akwai maganar da uwa ba ta yi gaban ɗanta.

Minti Goma

Lokacin da aka saba ba kowane mutum minti 10 ne, ko da yake ƙungiyoyin likitocin ƙasar suna neman a mai da shi 15. Minti 10 kuwa bai kai rabin hutun tara namu ba. Cikinsa za a gaisa, a ji bayani, a duba, a rubuta. Shi ya sa ake cewa mutum ɗaya, damuwa ɗaya. Mai damuwa biyu sai ya nemi a haɗa masa gurbi biyu, uwa mai 'ya'ya biyu marasa lafiya kuma ta nemi na kowanne. Yayana ya ce bayan abin da ya same shi ba ya shiga wurin likita sai da 'yar takarda a hannu, ya rubuta yaushe abin ya fara, me ke ƙara shi, wane magani yake sha. Kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi yake fara faɗa, ba ya ajiye shi sai ya kama ƙofa zai fita.

Ganin likita kyauta ne, amma magani akwai ɗan abin da ake biya. A 2024 aka mai da shi fam 9.90 a kan kowane magani guda. Yara 'yan ƙasa da shekara 16, da ɗalibai 'yan 16 zuwa 18, da masu ciki, da wanda ya kai 60, duk ba sa biya. Watau da mu a can muke, da kyauta za mu karɓa.

Alkawari Kaya Ne

Wani abin mamaki shi ne, duk da wahalar samun gurbi, akwai masu karɓa su ƙi zuwa. A farkon 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta ce fiye da alkawari miliyan 15 ke tafiya a banza kowace shekara, wajen ɗaya cikin 20 ke nan, kuma waɗanda na likitoci ne a ciki sun ci kimanin fam miliyan 216. Ba a cin mutum tara, amma wanda ya mai da abin sana'a ana iya yi masa gargaɗi, har a cire sunansa daga rajista. Shi ya sa ake aika saƙon tuni ta waya. Wanda ya ji sauƙi ko wani uzuri ya taso masa, abin da ake so ya sanar da wuri a ba wani. Wanda ya makara kuma yana iya tarar da an wuce shi.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa tsarin Ingila ba shi da aibi. Tsohon da bai iya latsa waya ba yana shan wuya, masu jiran makonni suna ƙorafi, likitocin kuma suna kukan aiki ya yi musu yawa. Har wa yau, cikin masu riƙe da asibitocinsu akwai likitoci da nas-nas 'yan Nijeriya da yawa, waɗanda rashinsu yana cikin abin da ya tsawaita layinmu a nan gida.

Mu ma ba a bar mu a baya ƙwarai ba wajen tsari. Manyan asibitocin koyarwa namu suna da sashen likitancin iyali. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005 aka kuma sabunta dokarta a 2022, ita ma ta tanadi mutum ya zaɓi asibiti guda ya yi rajista, daga nan ake tura shi gaba in da bukata. Abin da ya rage mana shi ne tsara lokaci. A ganina wannan ba sai da kwamfuta ba. Littafi guda da agogo sun isa a raba masu dawowa duba hawan jini ko ciwon sukari, a ce waɗannan ƙarfe 9, waɗancan ƙarfe 11, maimakon kowa ya zo da asuba. Ko a disfensarenmu ana iya ware lokacin masu karɓar maganin da suka saba, don mai zazzaɓi ya sami shiga da wuri, saura kuma kada darasi ya wuce su.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai namu. Mu adana katin asibiti kamar yadda muke adana takardar sakamakon jarrabawa. Mu riƙe asibiti guda, mu bar yawo daga wannan zuwa wancan. In an ce mu dawo ran kaza, mu dawo ko mun ji sauƙi. In malamin asibiti ya tambaye mu, mu faɗi gaskiya ko da abin kunya ne. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in yaro ya ce yana jin wani abu a saurare shi, kada a jira sai ya kwanta.

Kafin in dawo makaranta na sayi ƙaramin littafi na rubuta wa kakarmu sunayen magungunanta, da awon jininta, da ranar da za ta koma, na damƙa wa ƙanwata ta ci gaba da cikawa. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Likita tun ba a gama makaranta ba?" Na ce, "Kaka, ki dai sa mu a addu'a." Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya da basira, amin.